Rage Tsawon Da Na Koya Miki

Assalamu alaikum, Sa'adatu ɗiyata.

Ina gaishe ki gaisuwar uwa, duk da ƙofar ɗakinki na kallon tawa, kuma da safen nan ke kika kawo mini koko. Allah Ya sa takardar nan ta same ki da sanyin zuciya. Allah Ya kai ki Katsina lafiya ranar Asabar, Ya tsare motar da za ki shiga tun daga tashar Faskari har ƙofar makarantar ungozoma, Ya kau da idon mugu daga kanku. Kin san yadda hanyoyinmu suka koma, ba sai na faɗa ba.

Kada ki yi wa rubutuna dariya, iyakar abin da na samo ke nan a ajin matan aure. Yau Talata na fara, kuma na san sai na kai Juma'a, don kafaɗar nan ba ta barina in wuce shafi biyu a zama ɗaya, ko da na tokare gwiwar hannu da matashi. Da zan iya faɗa miki da baki da na faɗa. Amma ni da ke ba mu saba doguwar magana ido da ido ba, kuma wannan ma daga gare ni ne.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne abin da na gani ranar Lahadi. Kina shanya a tsakar gida, ni ina bakin ƙofa ina tsintar wake. Kin ɗaga zane za ki ɗora a igiya, hannunki na dama ya kai daidai kunne sai ya tsaya. Kika cije leɓe, kika sauke shi, kika dafe kafaɗar, sannan kika ƙarasa da hagu. Kafin ki ci gaba sai da kika waiga ki ga ko wani ya lura. Na mayar da kaina kan wake kamar ban gani ba. Na gani, kuma na san wannan tsayawar hannun, na san waiwayen ma. Haka tawa ta fara, sai dai ni na kai arba'in lokacin, ke kuwa ashirin da ɗaya gare ki. Ga shi za ki inda aikinki zai zama tallabar mata masu naƙuda da juya marasa lafiya da dogon zaman karatu. Idan kafaɗarki ta bi hanyar tawa ba za ki iya aikin nan da kika sha wahalar nema ba, kuma ni na ɗora ta a kan hanyar. Shi ya sa zan ba ki labarin tawa tun daga tushe.

Ni doguwa ce tun ina yarinya a Mabai. 'Yan'uwana gorar kaɗo mangwaro suke ce mini, ni kuma in ce to kada wanda ya roƙe ni in na kaɗo. Abin bai taɓa damuna ba. Da tulu a kaina nake dawowa daga rijiya, wuyana a miƙe, ina hango cikin gidajen mutane ta saman danga ina kawo wa innata labari. Da babanki ya zo neman aurena na so shi, ba wanda ya matsa mini. Kin dai san Malam, Allah bai ba shi tsawo ba, hularsa a haɓata take tsayawa. Ni ban ga komai a ciki ba sai da aka kai ni gidansu, a ƙauyenmu na bayan Yankara.

Ban fi sati biyu a gidan ba, ya dawo daga gona na tare shi a tsakar gida da kwanon ruwa, a tsaye. Matan gidan suna sussuka, sai ɗaya ta ce a samo wa Malam tsani ya hau ya karɓi ruwansa. Aka kwashe da dariya, har shi ya yi. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Da la'asar kakarki Iya, uwar babanki, ta kira ni ɗakinta. Ba faɗa ta yi mini ba, Allah Ya ji ƙanta, a hankali ta ce, "Ɗiyata, mace ba ta tsaya ma mijinta bisa kai. Ki riƙa rage tsawo."

Kin san abin da maganar ke nufi a wurinmu. Ka ga babba, ka lanƙwasa gwiwa ka gaishe shi, ka miƙe ka ci gaba da harkarka. Yanzu da na tsufa na tabbata iyakar abin da Iya take nufi ke nan. Ni kuwa da wautar amarci sai na ɗauka tsawon nawa ne laifin gaba ɗaya. Na shiga rage shi da gaske. Na turo kafaɗuna gaba, na shigar da ƙirji ciki, na nutsar da wuya, na koyi tafiya ina kallon yatsun ƙafata. Ƙofar ɗakina ma gajeruwa ce, sai na duƙa nake shiga, to sai ya zama ko na fito ba na ƙarasa miƙewa. Kafin shekara ta zagayo matan da suka yi mini dariya sun koma yabona, ana cewa matar Malam akwai kunya, ko ɗaga kai ba ta yi. Na ji daɗin yabon nan, ba zan ɓoye miki ba, na sha shi har na ƙoshi. Ban san da jikina nake sayensa ba.

To ki ji, Sa'adatu. Ban ce ki daina gaida manya ba, in kika daina ma ni zan fara saɓa miki. Amma da gwiwa ake rage tsawo, ba da kafaɗa ba, kuma na ɗan lokaci ne. Ki durƙusa, ki gaisar, ki tashi, in kin tashi ki tashi duka. Ni tashin ne ban ƙarasa ba, shekara kusan talatin.

Kuskurena na biyu ɗinkin hula ne, ko in ce yadda na zauna na yi shi. Sana'ar ba ta yi mini laifin komai ba, da ita na yi muku sutura. Amma ki tuna zamana: a tabarma, ƙafafu a miƙe, hula a cinya, kai a ƙasa, tun hantsi har la'asar, ba na tashi sai salla. Ina da girman kai a kan allurata. In wata ta gama hula a sati uku, ni sai na gama a biyu don a faɗa. Tsakanin allunan kafaɗata ya riƙa zafi kamar an ajiye garwashi, ƙeyata ta yi tauri, in ce gajiya ce. In na tashi sai na daɗe a ranƙwafe kafin bayana ya yarda ya saki. Ko sau ɗaya tunani bai ba ni in ɗora matashi a cinya in ɗago hular kusa da idona ba. Kaina na riƙa kai wa hular, alhali ita ce mara nauyi.

Ke ba hula za ki ɗinka ba, amma na ga zamanki da littafi, na kuma ga zamanki da wayar nan taki. In kika duƙufa a kanta sai ka ce kaza ta samu tsaba, ko sallama aka yi ba kya ji. Zama ɗaya ne da nawa, abin hannun ne kawai ya canja. Ki ɗago littafin, ki ɗago wayar, su zo wurin idonki. In akwai tebur ki matso da kujera har cikinki ya kusa taɓa shi, gwiwoyin hannunki su samu wurin hutawa, tafin ƙafarki ya taka ƙasa. Kuma ko zaman ya yi kyau kada ki daɗe a cikinsa. Ki tashi ki sha ruwa, ki leƙa waje, ki juya kafaɗunki baya, ki dawo. Karatun ba zai gudu ba. Jakar littattafanki kuma, na ga kin sayi mai hannu ɗaya don ita ake yayi, kullum a dama kike rataya ta har kafaɗar ta ɗage ta fi 'yar'uwarta. Na sa yayanki ya sayo miki ta goyo mai hannu biyu, tana cikin akwatinki. Na san za ki ce ta 'yan firamare ce. Ki goya ta haka nan.

Ciwon ya fara mini ne a bakin rijiya. In na ja guga, hannuna ya kai wani wuri sai in ji an soke ni a saman kafaɗa, in sauya hannu, in waiga. Na fi shekara a haka ban gaya wa kowa ba. Sai ranar da muka baro ƙauye, lokacin da zama ya gagara kowa ya kama hanyar gari. Kina da shekara goma sha biyar, za ki tuna. Rana tsaka, a-kori-kura ta cika, direba yana can saman kaya yana cewa a miƙo a yi sauri. Babanki ya tafi kwance awaki. Saura rabin buhun gero a ƙasa, ni kuma na rantse ba zan bar wa ɓarayi ko ƙwaya ba. Ban jira kowa ba. Na sunkuya ƙafafuna a sandare, na ɗauko shi nesa da jikina, na ɗaga sama da wannan ranƙwafaffen bayan nawa zan miƙa. Sai na ji wani abu ya ce ɗas a kafaɗar dama, hannun ya saki, buhun ya faɗo. Na ga duhu. Direba ya tambaya ko lafiya, na ce santsi buhun ya yi. Ranar kowa da abin da ke cin ransa, wasu sun bar kaburburan da ƙasarsu ba ta bushe ba, sai na ji kunyar in ce kafaɗata ke ciwo. Na zauna a kan kaya na riƙe hannun har Faskari.

Gero rabin buhu, Sa'adatu. Kafin wata ya ƙare mun cinye shi, hannun kuwa har yau bai dawo ba. In za ki ɗaga abu mai nauyi, ko mutum ne ko kaya, ki matso jikinsa sosai, ki lanƙwasa gwiwa, ki bar ƙafafunki su yi aikin. Kada ki ɗaga nauyi sama da kanki hannu a miƙe, ki nemi abin takawa ko ki nemi mutum. A asibiti za a samu ranar da mara lafiya za ta zame daga gado, ke kaɗai a wurin, zuciyarki ta ce ai za ki iya. Na san zuciyar, tawa ce kika ɗauko. Ki buɗe baki ki kira wata ta kama miki.

Abin da na yi bayan nan ya fi ɗaga buhun wauta. Na ce sanyi ne ya shige ni. Na sa aka kira wanzami ya yi mini ƙaho har sau uku, bayana duk tsaga. Na shafe man zafi kwalba ban san iyaka ba. Da abin ya ƙi, aka kwatanta mini wani maɗori a Sabuwa, na sa yayanki ya kai ni. Dattijon kirki ne, kuma na ga masu karaya da suka warke a hannunsa. Ya lalluba ya ce targaɗe ne, ya taka hammatata ya ja hannun. Ihun da na yi, har matan maƙwabtansa suka leƙo. Ban riƙe shi a zuciya ba, shi ƙashi ya sani, ciwona kuwa ba a ƙashi yake ba. Na dawo gida na yanke wa kaina hukunci cewa hutu hannun ke so. Na ɗaure shi a ƙirji da gyale, na hana shi motsi wata da watanni. Ranar da na kwance gyalen, zafin ya ragu, amma kafaɗar ta ƙame, ta ƙi gaba ta ƙi baya.

Kin san sauran, don a gabanki aka yi. Kabbarar harama da hannu ɗaya da rabi nake yinta. Bayana in ya yi ƙaiƙayi sai na goga a jikin bango. Ɗankwalina ke kike ɗaura mini kowace safiya, kina yi kina tsokanata wai kin yi mini ɗaurin 'yanmata. Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne bayan sunan ɗan yayanki, jikana na fari. Yana ta kuka, uwarsa tana wanka, na ce a ɗora mini shi a baya. Aka ɗora. Na kai hannu baya in tallabe shi in ja zane, hannun ya ƙi zuwa. Yaron ya fara zamewa, sai da kika yi tsalle kika cafe shi. Aka yi ta cewa ba komai, ba komai. Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar da muka baro gidanmu. Ni da na goya ku ku biyar ina daka ina surfe, yau jaririn kwana goma ya fi ƙarfina. Maganar ɗankwali kuwa kada ta tsaya miki a rai in kin tafi, matar yayanki ta ce za ta riƙa ɗaura mini, mun gama magana.

Bayan abin jaririn ne babanki ya ce ya gaji da taurin kaina, ya sa ni a mota muka tafi asibiti a Katsina. Aka yi hoto, aka tura mu sashen gashin ƙashi. Wata ma'aikaciya muka samu, 'yar firit da ita, ba ta girme ki da shekaru da yawa ba. Na zauna a bakin gado irin zamana, ta tsaya tana kallona kafin ta taɓa ni. Sai ta ce in ɗaga hannun hagu, lafiyayyen, iyakar inda zai kai. Na ɗaga, ya tsaya a gaban fuskata. Ta zagayo ta sa tafin hannu a tsakiyar bayana, ɗaya a ƙirjina, ta ɗago ni a hankali har na ji iska ta shiga wani wuri a ƙirjina da ta daɗe ba ta shiga ba. Ta ce in sake ɗagawa. Hannun ya tafi sama har ya shafi kunnena. Hannu ɗaya, minti ɗaya, zama ne kawai ya bambanta. Ki gwada da kanki yanzu, ki ajiye takardar ki gwada.

Ta yi mini bayani yadda zan gane. Ta ce akwai wata 'yar hanya a ƙarƙashin ƙashin saman kafaɗa, jijiyoyin da ke ɗaga hannu ta nan suke bi. In mutum ya ranƙwafa, allon kafaɗa ya kife gaba, hanyar sai ta ƙuntata, duk ɗaga hannun da zai yi jijiyar na gogar ƙashi. Yau da gobe sai ta sassaɓe, kamar igiyar guga a bakin rijiya, ranar da aka ɗora mata babban nauyi ta tsinke. Naman ƙirji kuma ya gajarce ya riƙa jan kafaɗa gaba, na baya ya yi sanyi ya kasa jan ta ya mayar. Ba ta ɗora wa zama laifin duka ba, ta ce shekaru da aikin ƙarfi suna da nasu rabon. Ta kuma gaya mini gaskiya, cewa ɗaurin da na yi wa hannun shi ya ƙamar da shi, kuma da na zo tun ina jin sukar nan a bakin rijiya da aikin ƙarami ne. Yanzu wani abu zai dawo, amma ba duka ba.

Sannan ta ce in sauko in tsaya, in jingina bayana da bango, in miƙe iyakar miƙewata. Na miƙe da ƙyar, ƙasusuwana suna ƙara. Babanki yana zaune a kujera da hularsa a gwiwa. Ya ɗaga kai yana kallona. Can ya ce, "Ashe har yanzu kina nan da tsawonki. Ni fa shi na hango a Mabai, kina tahowa da tulu, na ce in ba ke ba sai dai in zauna haka nan."

Na ce, "Malam, ai don kai na rage shi."

Ya ce, "Ni? Yaushe na ce maki ya dame ni? Na ɗauka ciwon baya gare ki tun kina amarya, na ji nauyin tambaya."

Ma'aikaciyar ta yi dariya, ta ɗauka wasan tsofaffi ne. Ni ban yi ba. Har muka iso gida ina ta lissafa shekarun da na yi ina ɓoye wa mutum abin da ya aure ni dominsa. Ban taɓa tambayarsa ba, shi ma bai taɓa tambayata ba, kowa yana jin nauyin kowa. Ban san ranar da na ji takaicin kaina kamar ranar ba.

Ta koya mini motsin da nake yi kina gani. In tsaya gaban bango in riƙa hawa da yatsu a hankali. In dafa gefen ƙofa da hannu biyu in ɗan turo ƙirji gaba har in ji ya buɗe. In ja allunan kafaɗata baya da ƙasa, in riƙe kaɗan, in saki, ba tare da na ɗage su zuwa kunne ba. Ta ce kada in sandare kamar soja, wannan ma wata gajiyar ce, a sake ake miƙewa. Layukan gawayin da ke bangon ɗakina, da kike cewa na ɓata fenti, shaidar inda yatsuna suka kai ne. Da farko duk sati sai na ƙara layi. Tun damina layin bai ƙara motsawa ba, kuma na san inda zai tsaya ke nan. Ni na makara. Ke ba ki makara ba, naki jikin ɗanye ne.

Yau Juma'a. Na bar wannan a ƙarshe don shi ya fi nauyi, jiya ma na ɗauki biron na ajiye.

Kina da shekara goma sha biyu kika yi tsawo farat ɗaya, kika wuce duk sa'o'inki. Kina da wata tafiya mai kyau, kai a sama, kina kaɗa hannu, kina waƙa. Duk sanda na hango ki kina dawowa daga Islamiyya sai in ga kaina a hanyar rijiyar Mabai, kuma maimakon in ji daɗi sai tsoro ya kama ni. Wata rana wata maƙwabciyarmu ta shigo aron rariya, ta ce mini in lura da ke, kin fara zama budurwa kuma kina tafiya kina banƙaro ƙirji, maza na zaune a bakin hanya. Tana rufe baki kika yi sallama. Ban tambaye ki komai ba. Na tashi na ɗaka miki duka da tafin hannu a tsakanin kafaɗu, a gabanta, na ce ki rage tsawo, mara kunya. Kika dube ni, ba ki ma san laifinki ba. Ba ki yi kuka ba. Na ga kafaɗunki sun sauko sun taho gaba, kika shige ɗaki.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Sai na mayar da shi aiki. Duk inda na gan ki a miƙe, a gidan biki ko gaban baƙi, sai in yi gyaran murya, ke kuma ki nutse. Har ya zama ba sai na dube ki ba. Waƙar ma kika daina. Mutane suka fara cewa ɗiyar ta biyo uwar wajen kunya, na sake shan yabon karo na biyu. Rannan da mura ta kama ni, kina tsaye kina tace koko, na yi tari, tarin gaske. Na ga kafaɗunki sun faɗo da kansu, ba ki ma sani ba. Shekara tara ke nan da dukan nan, kuma har yanzu jikinki yana jin tsorona.

Ban yi don ƙiyayya ba, Allah Ya sani, na ɗauka tsare ki nake yi. Amma niyyata ba ta rage miki ciwon da kika ji a igiyar shanya ba. Tun da muka dawo daga asibitin nan nake son in ce miki ki miƙe, in na buɗe baki sai in kasa, don in na faɗa dole in faɗi wanda ya lanƙwasa ki. To yau na faɗa. Ni ce. Na zalunce ki, Sa'adatu, ki yafe mini. Na janye maganar da na yi miki ranar, na janye duk wani gyaran murya da ya biyo bayanta. Hijabinki ya isa sutura, Allah bai ce ki haɗa da ƙashin bayanki ba. Wanda zai yi magana a kan tafiyarki zai yi ko da rarrafe kike.

Ki yi mini alkawarin abu ɗaya. A satin farko, kafin karatu ya yi zafi, ki nemi sashen gashi ki nuna musu kafaɗar. Ki faɗi tun yaushe ta fara, kada ki rage, kada ki ce ba komai. In sun ba ki motsi ki yi shi kullum kamar yadda ba kya fashin salla. In ciwon ya hana ki kwanciya a gefen, ko hannun ya fara rasa ƙarfi, ki koma a ranar. Kada ki ɗaure shi, kada ki bari a ja miki shi, kada ki jira hutu ki zo gida.

Saura roƙona na ƙarshe, kuma na san zai yi miki wuya. Gobe da safe ki durƙusa wa babanki a gida yadda aka saba, ya sa miki albarka. Ni kuwa zan raka ki tasha. In mota ta cika an ce ku shiga, kada ki durƙusa mini. Ki tsaya a gabana a miƙe, ki saki kafaɗunki, ki ɗaga kai, ki yi mini sallama a tsaye. Matan unguwa za su gani, za su ce boko ya fara aiki tun ba a je ba. Ki bar ni da su. Ni ma zan miƙe iyakar abin da bayana zai yarda. Ba zan iya ɗaga miki hannu in mota ta tashi ba, kada ki ɗauka wani abu ne. Ina so kawai in gan ki sau ɗaya kafin ki tafi. Ni na haife ki, ni na yi miki wanka, amma in yau aka tambaye ni tsawon ɗiyata, wallahi ban sani ba.

Allah Ya tsare mini ke a hanya da masauki. Allah Ya haɗa ki da malamai masu tausayi da ƙawaye na gari, Ya sa hannuwanki su zama sanadin sauƙi ga matan da za ki karɓi haihuwarsu, Ya bar miki su da ƙarfinsu har ki goya jikokinki. Allah Ya dawo mini da ke lafiya, Ya sa ina raye. Na yafe miki duniya da lahira, ban ma san abin da kika yi mini ba.

Wassalam.

Innarki, Hajara.